Bireka Ba Ta Faɗuwa Banza

Ɗana, tun ranar walimar yaye ka nake son mu zauna, taro bai bari ba. Ka yi shekara biyar a hannuna. Ka iya fasa bango ka binne fayif, ka iya jan waya a gidan sama, aikinka yana da tsabta, kuma ban taɓa jin an ce ka ɗauki abin wani ba. Abin da ya rage in ɗaure maka a zuciya shi ne aikin moto, domin a nan na ga masu sana'armu da yawa sun zubar da mutuncinsu, a nan kuma ni ma na yi kuskuren da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ka fito a lokacin da aikin moto ya yi yawa a garin nan. A da, wutar Lafiya daga Akwanga take zuwa, kafin ta iso ta galabaita, kwan fitila ma ja yake yi, balle a ce ta juya injin casa. Shi ya sa masu niƙa suka dogara da injin dizal. A watan Fabrairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe babbar tashar wuta mai bolt dubu 330 a nan Akurba, a shekarar kuma farashin dizal ya yi tashin gwauron zabo. Sai masu casar shinkafa da masu ɓarzar masara da masu niƙa alabo da masu buga bulo da masu ƙanƙara suka shiga neman moto, wani sabo, wani ɗan kwatano, wani wanda aka yi wa naɗi sau uku. Duk wanda ya saya, irinmu zai kira.

Bari in ba ka labarina tukuna. Wajen ƙarshen zamanin NEPA, kafin a sauya mata suna a 2005, wani mai injin niƙa ya aiko a kira ni. Moto ne mai ƙarfin doki goma, na layi uku. Ya ce, "Malam, abin nan ya ishe ni. Da an kunna sai ta faɗi, ga mata sun jera kwanuka tun safe." Na duba na ga bireka mai amfiya 20. Na ɗaga ta, yaron inji ya kunna, moto ya yi gurnani, kafin bel ya zaga sau uku sai ƙas, ta faɗi. A jakata akwai wata mai amfiya 63 da ta ragu daga wani aiki. Ban karanta farantin moton ba. Ban dubi kaurin waya ba. Ban nemi obalod ba, ashe ma babu shi, wani ya cire tun tuni ya haɗe wayoyin kai tsaye. Na kwance ta 20 na ɗaura ta 63. Inji ya tashi, mata suka yi ta sa mini albarka, mai inji ya biya ni har da ƙari.

Ba a yi wata biyu ba, da la'asar ana tsakiyar niƙa, fis ɗaya ya tsinke a tiransifoma. Layi ɗaya ya ɗauke, biyu suka rage. Moton bai tsaya ba, muryarsa ce kawai ta sauya, ya ci gaba da juyawa da ƙyar yana zuƙar wuta ta layi biyun nan. Yaron ya ɗauka masara ce ta yi tauri, ya ƙara tura ta. Da na iso bayan magariba wari ne ya tarye ni tun daga bakin ƙofa, warin koyil da ya ƙone, wanda duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Robar waya ta narke ta ɗiga a kan buhunan dusa, maƙwabta suka zare fis ɗin gidan suka kashe wutar da yashi, fatar hannun yaron ta tashi tun daga wuyan hannu har gwiwa. Na ɗaga kai na ga birekar nan a tsaye, ko motsi ba ta yi ba. Mai injin bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai amana na ba ka." Na biya kuɗin naɗi da na maganin yaron, amma maganar nan tasa ta fi kuɗin yi mini nauyi.

Ka san abin da ya hana ta faɗuwa? Ka sami matacciyar bireka ka fasa ta ka gani da idonka. Masu gadi biyu ne a cikinta. Akwai wani siririn ƙarfe da aka manne daga ƙarfe iri biyu, in wuta ta yi yawa sai ya ɗumama ya lanƙwasa a hankali har ya taɓa kunamar. Akwai kuma ɗan koyil na maganaɗisu, shi ba ya jira, in wayoyi suka haɗe wuta ta kwararo da yawa sai ya fizge nan take. Shi siririn ƙarfen mai haƙuri ne ƙwarai. Bisa ƙa'idar da ake ƙera irin birekar da muke sa wa a gidaje, in wutar da ke ratsa ta ta zarce lambarta da kashi 13 cikin ɗari, za ta jure awa guda cur ba ta faɗi ba. Ko ta zarce da kashi 45 cikin ɗari, ana ba ta har awa guda kafin a ce lalle ta faɗi. To, lissafa da ta 63: amfiya 70 ba komai ba ce a wurinta, amfiya 90 ma sai ta ɗauki lokaci. Moton kuwa cikakken cinsa amfiya 15 ne. Da layi ɗaya ya ɗauke, cinsa ya haura zuwa wajen 26 ko fiye, ya isa ya dafa koyil, amma a wurin birekar ko rabin kayanta bai kai ba. Ba ta yi laifi ba, abin da aka rubuta a goshinta ta bi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, a layin moto aiki kashi biyu ne, kuma ba mai gadi ɗaya ke yin su ba. Bireka tana gadin waya, tana kuma jiran ranar da wayoyi za su haɗe ko wuta ta taɓa jikin ƙarfe. Obalod shi ke gadin moto, shi ke lura in kaya sun yi masa nauyi, ko boris ya cije, ko wuta ta yi rauni. Dalilin raba aikin yana cikin halin moto kansa. A daƙiƙun farko na tashi, moton da aka ba wuta kai tsaye yana jan ninki shida zuwa takwas na cinsa. Mai amfiya 15 zai ja kusan 100 kafin ya kama gudu ya sauko. Dole bireka ta bar wannan guguwar ta wuce. In kuwa ta yi girman da za ta bar ta ta wuce, to ta yi girman da ba za ta ga ƙaramin ƙarin da ke kashe moto a hankali ba. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda muka gada muke koyo da ita tun zamanin iyayen gidanmu, ta ce duk moton da ya wuce kilowat 0.37, wato rabin doki, sai an haɗa masa abin da zai kare shi daga nauyin kaya. Rabin doki fa. Ka je ka zaga injinan da ke kan hanyar Shendam ka ƙirga masu doki goma da ashirin da ke aiki ba obalod.

Saboda haka in ka isa wurin aiki, kada hannunka ya fara zuwa jaka. Ka durƙusa gefen moto, ka goge farantin da ke jikinsa da tsumma, in gari ya toshe rubutun ka ɗiga ɗan mai ka murza, ka karanta. Kilowat nawa, bolt nawa, amfiya nawa. Lambar amfiyar nan ita ce uwar lissafinka duka. In farantin ya ɓace, kamar yadda yake faruwa da 'yan kwatano, ka riƙe cewa moton layi uku a bolt 400 yana cin kusan amfiya biyu a kowane kilowat, wato kusan ɗaya da rabi a kowane doki. Wannan kintace ne na fara aiki, dole ka tabbatar da mita bayan ya tashi.

Mu ɗauki moton nan na doki goma, kilowat 7.5, amfiya 15. Obalod ka juya shi ka tsayar a kan 15, ba 18 ba, ba ƙarshen lamba ba. Waya ka ba ta rarar kashi ɗaya cikin huɗu a kan cin moton, ya kama wajen amfiya 19. A takarda waya mai milimita 2.5 za ta iya ɗauka, amma ni ba na sa wa. Lissafin da ke cikin littafi an yi shi ne a kan zafin digiri 30, rumfar kwanon mai niƙa kuwa a watan Maris tana kai 40 ta wuce, kuma a digiri 40 waya mai rigar roba ta rasa kashi 13 cikin ɗari na abin da za ta iya ɗauka. Ƙara da nisan da ke tsakanin mita da inji, wanda ke shanye bolt a hanya. Ka sa mai milimita 4 ta jan ƙarfe tsantsa, in da nisa ka haura zuwa 6.

Sai bireka. A nan ne yara ke duban lamba su manta da harafi. Ka ga ɗan harafin da ke gaban lambar, B ko C ko D? Shi ke gaya maka lokacin da maganaɗisun zai fizge. Mai B tana fizgewa tsakanin ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C tsakanin 5 zuwa 10, mai D tsakanin 10 zuwa 20. Mai B20 tana iya faɗuwa tun a amfiya 60, ta ina moton da ke jan 100 zai tashi a bayanta? C20 tana fara fizgewa a 100, a bakin gaɓa ke nan, yau ta bari gobe ta hana. C32 sai an kai 160, D25 sai an kai 250. Ga wannan moton, da waya mai milimita 4 da obalod a kan 15, ɗaya daga cikin biyun nan na ƙarshe ta wadatar. Ka ga ashe a ranar nan tawa, sauya harafi da ɗan ƙarin lamba ake bukata, tare da mayar da obalod, ni kuma na yi tsalle daga 20 zuwa 63.

Za ka ji wasu da suka karanta a intanet suna cewa ai a ninka cin moto sau biyu da rabi, shi ke nan an sami bireka. Maganar tana da asali. Dokar wayarin ta Amurka, a sashenta na 430, ta yarda bireka irin ta yau da kullum ta kai kashi 250 cikin ɗari na cin moto. Amma wannan iyaka ce ta sama da aka ce kada a wuce, kuma dokar ta faɗe ta ne tare da wajabta obalod daban da wayar da ta kai kashi 125 cikin ɗari. Wanda ya ɗauko ninki biyu da rabi ya bar sharuɗɗan, ya ɗauko rabin magana. Mu kayan da ke kasuwarmu na tsarin Ingila da Turai ne, da harafinsu da lambarsu, su ya kamata ka iya karantawa.

Kada kuma ka ce tunda D ta fi haƙuri bari in riƙa sa ta ko'ina. Tana da nata haɗarin, kuma a unguwanninmu na bayan gari haɗarin ya fi yawa. D32 tana iya bukatar amfiya 640 kafin ta fizge nan take. In injin yana ƙarshen dogon layi, an jawo wuta ta kan turaku goma sha da siririyar waya, ko kuma ana aiki da janareto, ko wayoyi sun haɗe ba lalle wutar da za ta kwararo ta kai haka ba. Sai bireka ta tsaya tana jiran siririn ƙarfen nan ya ɗumama, waya tana ci da wuta, jikin inji yana ɗauke da mutuwa. Wurin da wuta ke da rauni, gara ka rage wa moton yunwar tashi da ka ƙara wa bireka haƙuri.

Hanyar rage ta da muka fi sani ita ce sita-delta, wadda ke saukar da jan farko zuwa kashi ɗaya cikin uku. Abu uku nake so ka kiyaye a kanta, domin na sha gyara aikin waɗanda ba su kiyaye ba. Ƙarfin juyin ma yana sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, don haka a tashi inji babu kaya a cikinsa, sai ya kama gudu a zuba. Sannan ka dubi farantin: in an rubuta 400 da 690, zai yi, in an rubuta 230 da 400, wannan a sita yake aiki a wutarmu, ka mayar da shi delta ka ƙona shi. Na ukun shi ne wanda ya fi kama mutane. In obalod yana ƙarƙashin kwantakta a kan wayoyin da ke shiga koyil, ba cikakken cin moton yake gani ba, kashi 58 cikin ɗari yake gani. Moto mai 15 sai ka tsayar da shi a wajen 8.7. In ka bar shi a 15, yana nan a akwati kamar ado, moto zai ƙone yana kallo.

Yanzu akwai bireka ta musamman ta moto, mai ɗan abin juyawa a fuskarta, wadda ta haɗa gadin biyu a jiki ɗaya. Ga moton nan sai ka nemi mai zangon 13 zuwa 18 ka tsayar a 15. Ina son ta, tana rage waya a akwati, kuma tana jin ɗaukewar layi ɗaya da wuri. Duk da haka ba ta ɗauke maka kwantakta da maɓallan kunnawa da kashewa ba. Ka san halin wutarmu, ana ɗaukewa ana kawowa ba sallama. Moton da aka haɗa da bireka kaɗai, in an ɗauke wuta yaro ya zura hannu yana share bakin inji, da an kawo sai ya tashi da kansa. Kwantakta kuwa da wuta ta ɗauke take saki, ba ta komawa sai mutum ya danna. Ko mai inji ya ce kuɗinsa ba su kai ba, kada ka bar wannan. In da hali ka ƙara masa ɗan na'urar da ke lura da layi uku, ta yanke in ɗaya ya ɗauke ko bolt ya faɗi ƙasa. Kuɗinta bai kai na naɗi ɗaya ba.

Sumo na rijiyar burtsatse shi ne aikin da za ka fi samu a gidaje. Mai doki ɗaya yana cin wajen amfiya 6, C10 ta ishe shi, ba a jona shi a birekar soket mai 32 ba kamar yadda ake yi. Ka sani kuma akwai abin da bireka ba ta gani sam. In rani ya tsananta ruwa ya ja baya, sumo yana juyawa a bushe, cinsa raguwa yake yi, ba ƙaruwa ba, har ya ƙone ba abin da zai faɗi. Wannan sai na'urar da ke jin ƙarewar ruwa. Haka nan bireka ba ta san ran mutum ba. Abin da ke tsayar da zuciya bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba, ita kuwa tana jiran goma. Duk inda ruwa da wuta suka haɗu, ka kafa atin mai kyau, ka sa na'urar nan mai yankewa in wuta ta zurara ƙasa, mai lamba 30 ta miliamfiya. Yara ne ke zuwa ɗiban ruwa a famfon, ƙafa ba takalmi.

Kayan jabu kuma sun cika kasuwa. Ka ɗauki bireka a tafin hannu ka ji nauyinta, ta jabu sakayau take. Na taɓa fasa wata na tarar babu siririn ƙarfen babu koyil, makunni ne kawai aka sa wa riga. Ka dubi lambar da ke cikin ɗan akwati a fuskarta, 6000 ko 10000, ita ce yawan wutar da za ta iya katsewa ba ta fashe ba. Injin da ke gindin tiransifoma ka ba shi babbar. Waya ma ka fere bakinta ka kankare, in ciki fari ne an shafa masa ja, mayar musu da abinsu.

Abin da zai fi ba ka wuya ba lissafi ba ne, mutane ne. Za a kira ka a ce, "Injiniya, sa mana babba mu huta." Mai maganar ya girme ka, ga abokan ciniki suna jira, ga wani a bayan layi da zai yi masa yadda yake so a rabin kuɗinka. Ka ce, "Alhaji, a ba ni minti goma in ji abin da take faɗa." Ka tambayi yaron inji, shi ya fi kowa sani: da an danna take faɗuwa, ko sai an jima ana aiki? In nan take ne, ka nemi haɗewar waya ko koyil da ya taɓa jiki, ko harafin da bai dace ba. In bayan 'yan daƙiƙu ne, tashin ne ke daɗewa, wataƙila da kaya ake tayarwa ko bolt ya yi ƙasa. In sai bayan rabin awa ne, ka maƙala mita a kowane layi ana cikin aiki, ka auna bolt tsakanin layukan uku, ka taɓa boris, ka duba bel ko an ɗaure shi tamau, ka leƙa murfin fanka ko gari ya toshe shi. Ka kashe wuta ka gwada kusoshin birekar, sau da yawa ɗaya ne ya yi sako-sako yana zafi, zafin ya ruɗi siririn ƙarfen. Ka kira mai injin ya ga lambar mita da idonsa kusa da lambar faranti. Gani ya kori ji, akasarinsu suna yarda. Wanda ya ƙi, ka ba shi haƙuri ka ɗauki jakarka. Na rasa ayyuka a kan haka, wasu kuma daga baya sun dawo da moto a baro.

Ka je ka nemi takardar shaidar NEMSA, hukumar da aka kafa a 2015 don duba ayyukan wuta da tantance masu yin su. Kada ka tsaya a kan cewa ai maigidana ya yaye ni. Da takardar za ka iya sa hannu a aikinka in za a nemi mita a wurin kamfanin raba wuta, kuma karatun jarrabawar zai cike maka abin da ni ban iya koya maka ba. Duk akwatin da ka haɗa, ka rubuta a cikin murfinsa cin moton da inda ka tsayar da obalod da kaurin waya da ranar aiki, don wanda zai buɗe bayanka.

Ranar Asabar akwai injin casa da aka kira ni in duba, doki ashirin, an ce tun da aka yi masa naɗi yake faɗuwa bayan azahar. Gwiwata ba ta barina in durƙusa yanzu. Ka zo da mitarka bayan sallar asuba mu tafi tare, kai za ka karanta farantin.